Kajin Goggo: Nazarin Shekara 3 na Kiwo a Wani Gida da ke Bayan Garin Zariya

Gidan da wannan nazari ya shafa na goggona ne, ƙanwar mahaifina, da maigidanta wanda duk dangi muke kira Malam saboda shekarun da ya shafe yana koyarwa a firamare kafin ya yi ritaya. A ƙarshen daminar 2021 suka bar gidan haya a cikin birni suka koma wani fili da Malam ya saya tun yana aiki, a gefen hanyar da ta fita daga Zariya ta nufi Funtuwa. Fuloti 2 ne a haɗe, an gina ɗaki 3 da zaure a kusurwa guda, sauran kuma an bar shi fili, da katanga da ta kewaye gabas da kudu kawai, yamma da arewa sai dangar kara. Ni ne na riƙa rubuta musu lissafi a wani littafin makaranta duk lokacin da na kai ziyara, don haka alƙaluman da ke nan daga wannan littafi suka fito, da abin da idona ya gani.

Abin da suka fara yi shi ne haƙa rijiya, sannan Malam ya dasa zogale a jere a jikin danga, da gwanda da lemun tsami da mangwaro, ya ware mafi yawan filin domin masara da wake. Kaji kuwa tun farko na Goggo ne. Da kuɗin adashinta ta sayi kajin Hausa 6 da zakara 1 daga hannun wata dattijuwa a ƙauyen da ke kusa, ta sa aka gina musu akurkin laka a gindin katanga. Ba ta sayen abinci, sai dusar da ke fita idan an surfa hatsi, da ragowar tuwo, da abin da kajin suka tono da kansu. Kazar Hausa ba ta da yawan ƙwai, domin takan yi 10 zuwa 15 ta tsaya ta yi kwanci, kwana 21 ta ƙyanƙyashe, sannan ta shafe watanni tana jan 'ya'yanta, ta yadda a shekara da wuya ta wuce zagaye 3. Amma tana da abin da ya sa talaka ba ya rabuwa da ita: ita ce injin ƙyanƙyasar kanta, ita ce mai renon kanta, kuma rabin cikinta a bola da juji take cika shi.

Matsalar farko da littafin lissafi ya bayyana ita ce ta 'yan tsaki. A ranin 2022 kajin sun ƙyanƙyashe 52, amma waɗanda suka kai wata 2 ba su wuce 19 ba. Goggo ta ɗauki abin a matsayin rabon shirwa da aka saba da shi, kuma lalle shirwa ta ci rabonta, domin da rani fili yakan zama fayau, babu ciyawar da ɗan tsako zai fake a ciki. Na taɓa zama a tsakar gidan da hantsi, na ji uwar ta yi wani irin kuka mai kaifi, 'ya'yan suka watse suka lafe a ƙasa, kafin in ɗaga kai inuwa ta gilma, aka tafi da guda yana tsuwwa a sama. Sai dai da muka bi lissafin a tsanake, sai muka ga shirwa da muzuru ba su kai rabin asarar ba. Sauran sun mutu ne saboda sanyin asuba da raɓa, da faɗawa cikin kaskon ruwa mai zurfi, da gajiyar bin uwa yawo tun suna kwana 2 a duniya, alhali cikinsu babu komai sai ɗan tsakin dawa da ba ya gina jiki.

Gyaran da aka yi bai ci kuɗi ba. Malam ya haɗa wani keji mai faɗi da gora da ragar waya, marar gindi, wanda ake ɗagawa a sauya masa wuri kowace safiya, aka riƙa tsare uwa da 'ya'yanta a ciki har su cika mako 6. Aka zuba tsakuwa a kaskon ruwa domin kada ɗan tsako ya nutse. Abinci kuma Goggo ta riƙa haɗa tsakin masara da dakakken ƙuli-ƙuli da garin busasshen zogale, ta ƙara da gara, wadda take samu ta hanyar da ta koya wajen kakarmu: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta a inda gara ke bi da yamma, da safe a ɗago ta cike. A zagayen da ya biyo baya, cikin 'yan tsaki 31 guda 25 suka rayu. Zuwa watan Nuwamba na 2022 garken ya kai 43 manya da matasa, bayan waɗanda aka yanka wa baƙi da waɗanda aka sayar aka biya wa jika kuɗin jarrabawa.

A tsakiyar Disamba na wannan shekara, hunturu ya kankama, Malam ya je wata kasuwar mako sayen igiya, sai ya ci karo da wani mutum riƙe da wani ƙaton zakara ja mai dogayen ƙafafu, yana neman rabuwa da shi a kan kuɗin da bai kai na budurwar kaza ba. Malam ya daɗe yana cewa kajin Goggo ƙanana ne, suna buƙatar sabon jini, don haka bai yi dogon ciniki ba. Da ya iso gida ya kwance ƙafar zakaran ya sake shi a tsakar gida. Goggo ta gaya mini cewa tun a daren ta lura bai hau bisa akurki ya kwana kamar yadda zakaru ke yi ba, ya tsaya ne a lungu ya saki fukafukai, ta ce wa Malam: "Malam, wannan zakaran naka ba shi da lafiya." Ya amsa da cewa wahalar ɗauri ce da zafin kasuwa, gobe zai warware. Kwana 2 zakaran ya mutu. A rana ta 5 kaji 3 suka ƙi fitowa daga akurki, a rana ta 7 aka wayi gari da gawa 9.

Na isa gidan a rana ta 8, kuma abin da na tarar ba ya fita daga raina. Kajin sun yi cirko-cirko a rana, gashinsu ya tashi, suna buɗe baki suna jan numfashi da wani ƙara kamar na minshari, kashinsu kore mai ruwa ya ɓata ko'ina. Wata baƙar kaza, wadda ita ce ta fi kowace iya reno, wuyanta ya murɗe har bakinta na kallon sama, tana zagaya wuri guda, tana son ta caccaki hatsi amma ba ta iya saita bakinta a kansa. Goggo ta jiƙa sassaƙen maɗaci da barkono a ruwan shansu, wata maƙwabciya ta kawo gautan kaji, wani ya ba da shawarar a fasa kafson nan mai ja da ruwan ɗorawa a zuba musu. An yi duka. Cikin mako 2 garken 43 ya koma 7.

Malamin dabbobin da aka kira daga baya ya ce alamun na cutar Niyukasil ne, kuma bayaninsa ya warware abubuwa da dama da suka ɗaure wa gidan kai. Ƙwayar da ke kawo ta bairos ce, don haka kafso da sauran magungunan kashe bakteriya ba sa taɓa ta, balle maɗaci. Kaza takan ɗauke ta ta yi kwanaki, yawanci 5 ko 6, wani lokaci har kusan mako 2, kafin alama ta fito, kuma tana yaɗuwa ta numfashi da kashi da kaskon ruwa da tafin takalmi. A arewacin Najeriya ta fi ƙamari da hunturu, lokacin da kuma kasuwar kaji ke cika saboda bukukuwan ƙarshen shekara. Mafi muhimmanci, ya ce duk mai kajin da ya ga mutuwa ta shigo masa, abin da ya fara yi shi ne kwasar masu sauran ƙarfi ya nufi kasuwa da su, shi ya sa kaza mai araha da hunturu abar gudu ce. Malam ya yi shiru yana sauraro, daga ƙarshe ya ce da bakinsa, araha ba ta ado.

Malamin ya kuma ja musu kunne a kan abin da aka yi da gawarwakin. An zubar da wasu a juji a bayan danga, inda karnuka suka ja su zuwa gonakin mutane, wasu kuma an yi saurin sa musu wuƙa kafin su cika aka fige aka watsar da gashin da kayan ciki a fili. Ya ce ko da Niyukasil ba ta cika yi wa mutum illa ba, murar tsuntsaye tana zuwa da alamu masu kama da nata, ido ba ya rarrabe su sai an yi gwaji, kuma ita tana iya kama ɗan Adam. Mutanen wannan yanki ba baƙin labarinta ba ne, domin a watan Fabrairu na 2006 a wata gonar kaji da ke Jaji, a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, aka fara tabbatar da ɓullar nau'in H5N1 a nahiyar Afirka. Abin da ya dace shi ne a haƙa rami mai zurfi a binne, a ƙona shimfiɗar akurki, a kuma sanar da ofishin dabbobi idan mutuwar ta yi yawa. Kafin wannan bayani ya iso, cutar ta riga ta tsallaka danga ta shiga gidaje 4, kuma har yau akwai maƙwabciyar da gaisuwarta da Goggo ba ta koma yadda take ba.

A ganina, a nan ne lamarin gidan ya sauya, domin Goggo ta fahimci cewa kajin da ke yawo ba su san iyakar fuloti ba, kuma duk unguwar garke guda ne ko masu shi sun yarda ko ba su yarda ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin maganin rigakafin wannan cuta, ciki har da nau'in I-2 wanda ya fi sauran jure zafi, shi ya sa ya dace da ƙauyen da babu firji, ko da yake shi ma ba a barin sa a rana. Ɗigo guda ake sa wa kaza a ido, babba ko ɗan tsako, a maimaita duk bayan wata 3 zuwa 4. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa dole a ƙarar da ita cikin ɗan lokaci, don haka ko ta fuskar kuɗi ma hikima ita ce a haɗu. Goggo ta bi gidaje 11 da ƙafarta, ta shiga wajen mata ɗaya bayan ɗaya, 9 suka amince. Aka tsayar da cewa ranar rigakafi kowa zai bar kajinsa a kulle tun dare, a fara da asuba, a gama kafin rana ta yi zafi.

Ba a rasa tangarɗa ba. A zagayen farko wata mata ta rasa kaji 4 kwana 3 bayan ɗigon, ta fito tana cewa maganin Goggo ne ya kashe su, alhali kajin sun riga sun kamu kafin a zo, kuma rigakafi ba ya warkar da wadda cuta ta riga ta shiga jikinta, yana ma buƙatar kimanin mako 2 kafin ya kafa kariya. Daga nan aka sa doka cewa ba a ɗiga wa kazar da ta nuna alamar ciwo, kuma zagayen da ya fi kowane muhimmanci shi ne na watan Oktoba, kafin iskar hunturu ta taso. Wani dattijo daga cikin gidaje 2 da suka ƙi shiga ya gaya wa Malam cewa zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Malam ya amsa masa cikin ladabi cewa gaskiya ne, Baba, amma kai ma kana rufe akurkinka da dare.

Doka ta biyu ta cikin gida ce: duk tsuntsun da ya shigo daga waje, saye ne ko kyauta ko tukwici, sai ya yi mako 2 cikakku a wani keji da aka ajiye a bayan zaure, da kaskonsa daban, kuma shi ake ba abinci a ƙarshe. Wannan ta fi wahalar kiyayewa fiye da yadda ake zato, domin idan suruki ya kawo kyautar zakara, tsare shi a gefe yana iya zama kamar zargi, sai Goggo ta riƙa cewa tana so ne ya saba da gidan tukuna.

A farkon 2023 Malam, wanda asarar ta tsaya masa a rai, ya kawo shawarar a bar kajin Hausa gaba ɗaya a koma kajin ƙwai 100 na gidan gona. Yana da hujja, domin cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ba ta da nisa da su, kuma ita ta samar da Shika Brown, kazar ƙwai da aka tsara domin yanayin ƙasar nan. Muka zauna da biro. Kazar ƙwai takan ci gram 110 zuwa 120 a rana, wato guda 100 za su ci fiye da kilo 11, buhu mai kilo 25 kenan ba zai wuce kwana 2 da 'yan sa'o'i ba. Ba ta fara ƙwai sai ta kai mako 18 zuwa 20, kuma duk tsawon wannan lokaci kuɗi ne ke fita ba ya shigowa, ga jerin rigakafin cutar Gumboro da Lasota (wato na Niyukasil) da na ƙurajen fuska da ba a tsallake ko ɗaya. Fanshon Malam ba ya zuwa a kan kari, kaza kuwa ba ta jiran fansho. A daidai lokacin ne ƙarancin takardun naira ya sa masu gonaki suka rasa masu sayen ƙwai, kiret-kiret suka jibge suna lalacewa, sannan bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu na 2023 farashin masara da waken suya da kuɗin mota suka yi sama tare. Ina da yaƙinin cewa da an bi shawarar farko, da kajin 100 ba su kai ga yin ƙwan farko a gidan ba.

Abin da aka daidaita a kai shi ne 'yan tsakin Noiler 25, nau'in da wani kamfanin ƙyanƙyasa da ke Awe a Jihar Oyo ya samar domin nama da ƙwai, wanda bayan makonnin reno yake iya fita kiwo kamar kazar gida. Renonsu ya koya wa gidan wani darasin dabam, domin ba su da uwa, kuma a makon farko suna buƙatar ɗumi na kimanin digiri 32 zuwa 35. Goggo ta yi amfani da kaskon gawayi a ɗakin ajiya, a dare na 3 ta toshe taga saboda sanyi, da safe ta tarar 2 sun mutu sauran sun yi laushi saboda hayaƙin gawayin. Daga nan ta daina dogara da jin jikinta, ta koma kallon 'yan tsakin: idan sun cure a jikin kasko sanyi suke ji, idan sun gudu bango suna haki zafi ya yi yawa, idan sun bazu suna ci to an dace. A mako na 4 ruwa ya jiƙa buntun shinkafar da aka shimfiɗa musu, kashin jini ya ɓulla, aka rasa guda kafin a samo magani a sauya shimfiɗar. Guda 22 suka girma, kuma zakarun cikinsu sun yi nauyin da kajin Hausa ba sa kaiwa ko a shekara. Sai dai matan ba su damu da kwanci ba, don haka kajin Hausa 7 da suka tsira, da 'ya'yansu, suka zama su ne iyayen gidan, a ƙarƙashinsu ake sa ƙwan Noiler, da damina kuma har da ƙwan zabi, wanda ke ɗaukar kwana 26 zuwa 28.

Akwai wata magana da ba ta shafi cuta ko abinci ba, amma ta kusa tsayar da kiwon. Kajin farko na Goggo ne, kuɗinsu nata ne, babu mai tambaya. Da Noiler suka shigo da kuɗin Malam, kuma masarar gonarsa ake barzawa a ba su, sai tambayar wa ke da kuɗin kaza ta taso, aka yi kwanaki ana magana sama-sama. Yayan Goggo, wato mahaifina, shi ya raba gardamar: kowane kwanon masara da aka ɗiba a rubuta shi bashi a kan kaji, idan an yi ciniki a fara biyan rumbu, ribar ta Goggo ce tunda ita ke tashi da asuba, takin kuwa gaba ɗaya na Malam ne. Rabon ya yi wa Malam daɗi fiye da yadda ya zata, domin kashin kajin da ake sharewa a tara a rami ya ruɓe ya rage masa sayen takin zamani, kuma a daminar 2024 ɓangaren masarar da ya samu wannan taki ya bambanta da sauran tun daga nesa.

Yanzu gidan ya tsayar da iyaka a kan kaji 60, adadin da dusar gida da masarar filin da ɗan abin da ake saye za su iya ɗauka ba tare da an taɓa abincin mutane ba. Ana rage su sau 2 a shekara, gab da Sallah lokacin da farashi ke da kyau, da kuma watan Oktoba bayan rigakafi, domin a shiga hunturu da garke marar cunkoso. A hunturun ƙarshen 2024 cutar ta sake zagayowa unguwar, ta share kajin gidaje 2 da ba sa rigakafi, ta ɗauki 5 a gidan Goggo, dukkansu matasan da aka ƙyanƙyashe bayan zagayen Oktoba ba a ɗiga musu ba. Saboda haka aka ƙara wani ƙaramin zagaye a Disamba domin 'yan baya. Dangar yamma da arewa har yanzu ta kara ce, kajin maƙwabta na ratsowa ta ƙasanta su sha ruwa a kaskon gidan, kuma Malam ya fara tara bulo da kuɗin zabin bana, ya zuwa ziyarata ta ƙarshe ya kai 140, magini kuma ya ce sai an ninka haka sau da yawa kafin a rufe ko ɓangare guda.